Kwamfuta Mai Rumbu a Nesa: Yadda Za Mu Fara Aiki da Ita a Makarantunmu

Ina so in yi muku bayani a kan wata irin kwamfuta wadda ta cika makarantun Amurka, ga ta kuma ta fara ɓullowa a kasuwanninmu. Abin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne jarrabawa. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina ba da takarda da fensir. Duk mai neman shiga jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambaya 180 cikin awa biyu. Hukumar WAEC ma ta soma tata jarrabawar ta kwamfuta a farkon 2024, da ɗalibai masu zaman kansu. A 2025 kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwa cewa nufin gwamnati shi ne WAEC da NECO duka su koma kan kwamfuta. To, yaron da ya fito daga Bagega, ko Nasarawar Burkullu, ko Ɗaki Takwas, wanda bai taɓa ɗora yatsansa a kan madannai ba, yaya za ya yi ran nan? Ko da ya fi kowa sanin lissafi a ajinsu, rabin hankalinsa zai tafi ga tsoron na'urar, ga agogo kuwa yana ta gudu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin in shiga cikin maganar sosai, sai in fara bayyana kalmomi biyu, don kada iyayenmu su ce yaran nan sun zo mana da yaren da ba mu ji. Ta farko ita ce babbar manhaja. Ita kwamfuta ƙarfe ce da roba da waya kurum, ba ta san kome ba. Babbar manhaja ce ke zaune a cikinta kamar direba a mota, ita ke tashe ta in an kunna, ita ke karɓar abin da ka danna ta nuna maka a fuska, ita ke ajiye shi. Wadda aka fi sani a ofisoshinmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Wadda ke cikin yawancin wayoyin hannu kuwa sunanta Android. Kalma ta biyu ita ce burauza, watau ƙofar da a ke bi a shiga intanet. Duk wanda ya taɓa buɗe Opera Mini ko Chrome a waya don ya karanta labarun BBC Hausa, to, ya yi aiki da burauza ko bai san sunanta ba.

Mutanen kamfanin Google sun fitar da tasu burauzar mai suna Chrome a 2008. Da suka lura cewa galibin mutane in sun kunna kwamfuta burauza kaɗai su ke buɗewa, sai suka ce, to, me zai hana a yi babbar manhaja wadda ita kanta burauza ce? Suka ba da sanarwar haka a 2009, suka sa mata suna ChromeOS. A 2011 kamfanonin Samsung da Acer suka fitar da kwamfutocin tafi-da-gidanka na farko masu ɗauke da ita, aka kira su Chromebook. Ba daga ƙasa suka fara ginin ba, sun ɗora shi a kan harsashin wata manhaja mai suna Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland a 1991. A lokacin kuwa ɗalibi ne ɗan shekara 21, watau bai girmi 'yan ajinmu da wani abin kirki ba. Sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, yara suna karatu daga gida, sai kasuwar Chromebook ta buɗe ƙwarai da gaske.

Bambancinta da kwamfutar da muka saba gani yana wajen ajiya. In ka yi rubutu a kan Windows, rubutun yana kwance a cikin wannan kwamfutar da ka yi shi. In ta lalace ko aka sace ta, shi ke nan. A Chromebook kuwa kana rubutu a cikin burauza, rubutun yana tafiya ta intanet zuwa wasu manyan gine-gine na Google da ke cike da kwamfutoci, can a ke ajiye maka shi da sunanka. Turawa suna ce wa wannan ajiya a gajimare, amma babu wani gajimare, gini ne na siminti a wata ƙasa. Misalin abin kamar manomi ne wanda ya kai gero da dawarsa rumbun ɗan'uwansa a wani gari. In gobara ta tashi a gidansa, hatsinsa na nan lafiya. Mutanen Gummi sun san amfanin irin wannan, don ambaliyar watan Agusta na 2024 ba gidaje kaɗai ta ci ba, har da takardun da ke cikinsu. Amma fa wannan manomi, ranar da hanya ta toshe, da yunwa zai kwana, ga shi da hatsi cike da rumbu. Ku riƙe wannan misali, zan komo kansa, don nan ne maganar ta shafe mu mu mutanen yammacin Zamfara.

Abin da ya sa makarantu ke son ta, na farko, yara da yawa suna iya yin aiki da guda ɗaya ba tare da wani ya taɓa na wani ba. Kowa yana da asusunsa da kalmar sirrinsa. In na shiga da nawa, littattafaina zan gani. In na fita ɗan aji uku ya shiga, nasa zai gani, ba shi da hanyar leƙa nawa. Tana kuma tashi da sauri, kafin ka gyara zama a kan benci ta buɗe. Ba ta jin bairos ɗin nan da ke bin filas daga shagon buga takardu ya lalata kwamfutocin Windows, don manhajojin Windows ba su tashi a kanta sam. Wani abin sha'awa, kofi biyu na babbar manhajar ta ke riƙewa a cikinta. Kana aiki da ɗaya, tana sabunta ɗayan a ɓoye, kusan kowane mako huɗu. Ran da ka sake kunnawa sai ta tashi da sabon. Kowane tashi kuma sai ta bincika kanta ta ga ko an taɓa ta, in ta ga ɓarna sai ta koma ga kofin da ke da lafiya. In abu ya rikice gaba ɗaya, akwai wani wanki da su ke kira Powerwash, wanda zai mai da ita kamar ranar da aka sayo ta cikin 'yan mintoci. Malamin da ke kula da ɗakin kwamfuta shi kaɗai, ga darasi ga gyara, ya san darajar wannan.

To, makarantar da ba ta da kuɗin sayen sababbi fa? Nan ne na ga abin da ya fi dacewa da mu. Makarantu da yawa suna da tsofaffin kwamfutoci a kulle cikin sito, an lulluɓe su da tsumma don sun yi nauyi ba su motsi. Adadinsu ma zai ƙaru, don Microsoft ta daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuwa ba su iya ɗaukar Windows 11. Wani kamfani a Amurka mai suna Neverware ya daɗe yana ɗora irin wannan manhaja ta burauza a kan tsofaffin kwamfutocin makarantu. Google ta saye shi a Disamba 2020, ta gyara aikinsa ta fitar da shi kyauta a 2022 da sunan ChromeOS Flex. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Ga yadda a ke yi. Tsohuwar kwamfutar sai ta kasance mai injin Intel ko AMD irin mai lamba 64, da ram giga 4, da wurin ajiya aƙalla giga 16. A nemi filas mai giga 8 ko fiye, wanda babu kome mai amfani a kansa don za a share shi. A je ga wata kwamfuta mai lafiya wadda ke da burauzar Chrome da intanet, a ƙara mata wata 'yar manhaja mai suna Chromebook Recovery Utility, a zaɓi ChromeOS Flex a cikin jerin, ita za ta sauko da shi ta rubuta a kan filas ɗin. Abin ya haura giga ɗaya, saboda haka a yi shi inda sabis ke da ƙarfi. Daɗin abin, sau ɗaya a ke wannan wahala, filas ɗaya ya ishi dukan kwamfutocin makaranta, har a ba maƙwabta aro. Sa'an nan a soka shi a tsohuwar kwamfutar, a kunna, a yi ta danna madannin da ke sa ta tashi daga filas. A Dell F12 ne, a HP kuwa F9. Za ta tambaya, a gwada tukuna ko a ɗora gaba ɗaya? Lalle a fara da gwaji. A duba ko tana kama wayifai, ko sauti na fita, ko madannai duka na aiki. Ɗorawa gaba ɗaya tana share duk abin da ke cikin kwamfutar, ba ta barin ko harafi. In akwai sakamakon jarrabawar ɗalibai ko lissafin kuɗin makaranta a ciki, a kwashe shi tukuna. A makarantarmu malamin kwamfuta ya gwada a kan tsofaffi guda shida. Huɗu suka tashi garau, ɗaya ta tashi amma ta ƙi kama wayifai, ɗaya kuwa ko motsi ba ta yi ba. Huɗun nan da su mu ke koyo yanzu.

Ranar farko da aka kunna, ko Chromebook ce sabuwa ko tsohuwa mai Flex, za ta nemi abu uku: harshe, da wayifai, da asusun Google. Wannan shiga ta farko ba ta yiwuwa sai da intanet. In makaranta ba ta da nata, malami yana iya raba data daga wayarsa. Akwai wani tarko a nan wanda ya kamata shugabannin makarantu su sani. Duk asusun da aka fara shiga da shi, shi ne mai kwamfutar, shi ke da ikon cewa wane zai shiga wane ba zai shiga ba. Don haka malami ya fara shiga da asusun makaranta. In aka bar wani ɗan aji shida ya riga, ya gama makaranta ya tafi garinsu, sai an wanke ta an sake sabon lale. Asusun Google na kowa kyauta ne, yana zuwa da wurin ajiya giga 15, amma sai wanda ya kai shekara 13 ke buɗe nasa da kansa. Google tana kuma da wani tsari na makarantu wanda matakinsa na farko kyauta ne, makaranta ta buɗe wa kowane ɗalibi asusu da sunanta, a ciki har da Google Classroom, wanda aka fara a 2014, inda malami ke ba da aiki ya karɓa ya yi maki. Ikon juya dukan kwamfutocin daga wuri ɗaya, a rufe wannan shafi a buɗe wancan, shi ne a ke biyan kuɗi a kan kowace kwamfuta.

Wanda ba shi da asusu yana iya shiga a matsayin baƙo. Amma baƙo ya sani, yana fita duk abin da ya rubuta ya tafi. Game da kalmar sirri kuwa, mu 'yan makarantar kwana mun saba da tarayya. Sabulu ɗaya, bokiti ɗaya, garin kwaki da ƙuli-ƙuli kowa ya sa hannu. Kalmar sirri ba ta cikin wannan. Wanda ya san taka zai iya share aikin zangon karatu duka, ko ya aika wa malami maganar banza da sunanka.

Madannan Chromebook sun ɗan bambanta da waɗanda aka zana mana a littafi. Babu Caps Lock. A wurinsa akwai wani mai hoton madubin bincike ko da'ira, wanda ke buɗe jerin manhajoji. In kana son manyan baƙaƙe a jere, sai ka danna shi tare da Alt. Layin sama kuma babu F1 zuwa F12, sai alamun komawa baya, da ƙara haske, da ƙara sauti. Ɗan dandamalin da ke gaban madannai shi ne madadin linzami. Yatsa ɗaya yana tura kibiya, yatsu biyu tare suna jan shafi sama da ƙasa, in ka buga da yatsu biyun sau ɗaya sai jerin zaɓi ya fito. Wannan duka aikin mako ɗaya ne. Jarrabawar JAMB ma ba ta neman fiye da haka: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Abin da a ke bukata shi ne hannu ya saba, ido ya saba da karatu a fuska mai haske ba tare da sa yatsa a bi layi ba.

Yanzu sai mu koma ga manomi da rumbunsa. Waɗanda suka ƙera wannan kwamfuta a Kalifoniya su ke, inda intanet ke gudu dare da rana kamar iska. Mu kuwa mun san abin da muka gani. Ran 3 ga Satumba 2021 aka katse sabis ɗin waya a dukan Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa, har da Anka da Gummi da Bukkuyum, sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ina ƙarami a lokacin, amma na tuna mutum yakan shiga mota ya bar jihar don kawai ya kira ɗansa ya ce muna lafiya. Ko a ranakun zaman lafiya ma, akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ko bishiya a ke samun sanda ɗaya a waya. Wanda ya kawo Chromebook makarantarmu ya ajiye, ya ce ga intanet ku yi karatu, ya tafi, ya ba mu fitila ce babu kananzir. Ni a ganina, fara aiki da wannan kwamfuta a ƙasarmu yana nufin a shirya mata zaman rashin intanet tun ranar farko, a ɗauki ranar da sabis ya zo a matsayin ranar kasuwa, a yi sayayyar mako a dawo.

Kuma shirin yana yiwuwa. Da farko, duk ɗalibin da ya taɓa shiga wata kwamfuta da asusunsa sau ɗaya, zai iya sake shiga wannan kwamfutar ko babu intanet, don ta riga ta san shi. Wata dabam kuwa ba za ta karɓe shi ba. Saboda haka a rubuta wa kowace kwamfuta lamba da fenti kamar yadda mu ke yi wa bokitai da akwatunanmu, a raba mata ɗalibanta, kowa ya riƙa komawa ga tasa. Na biyu, a cikin saitin Google Drive akwai wurin da a ke kunna aiki ba tare da intanet ba. Tilas a kunna shi tun sabis na nan. In an yi haka, kana iya rubutu a Google Docs da lissafi a Google Sheets mako guda ba sabis, aikin yana zaune a cikin kwamfutar, ran da sabis ya dawo sai ta aika da shi rumbu da kanta. Na uku, littattafan da aka sauko da su, da hotuna, da bidiyon darasi, duk suna buɗewa daga cikin kwamfutar ko daga filas. Sai dai a kula, cikin ƙananan Chromebook ba shi da faɗi, galibi giga 32 ne ko 64. In ya cika, takan share kayan wanda ya daɗe bai shiga ba don ta sami wuri. Ɗalibin da ya tafi jinya gida ya yi wata guda yana iya dawowa ya tarar an yi masa shara. Abin da ka ke ji da shi, kwafe shi a filas.

Amma dabarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce wannan. Ashe burauza ba lalle sai da intanet ta ke aiki ba, abin da ta ke bukata shi ne wata kwamfuta da za ta yi magana da ita, ko da a ɗaki ɗaya su ke. Akwai wata manhaja kyauta mai suna Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta Amurka ta yi domin makarantun da ba su da intanet. Akwai kuma Kiwix, wadda ke ɗauke da Wikipedia dungurungum, har da ta Hausa. Sai a ware kwamfuta ɗaya mai babban ciki a ɗora mata waɗannan, ta zama uwar garke. A haɗa ta da rauta, watau ɗan akwatin nan mai raba wayifai, ba sim, ba data. Kowace kwamfuta a ɗakin ta kama wayifai ɗin, a rubuta adireshin uwar garken a burauza, sai ga darussan lissafi da kimiyya da tambayoyin gwaji sun buɗe kamar mutum yana birni. Watau an ɗauko rumbun an dawo da shi tsakar gida. In ana son sababbin darussa, malamin da zai je Gusau ko Sakkwato ya tafi da ma'ajiya a aljihu ya ciko ta. Ko an katse sabis wata uku, wannan ɗaki bai san an yi ba. Ran da sabis ya samu kuma, akwai shafin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka buɗe a 2022, mai darussa har da na Hausa, shi ma ta burauza a ke shiga. Wasu za su ce ai ga Starlink mai kamo intanet daga tauraron ɗan Adam, wanda ya shigo Nijeriya a Janairu 2023. Gaskiya ne, yana aiki har a daji, amma akwai kuɗin tasa, ga kuɗin wata, ga shi yana son wuta kullum. Makarantar da ta iya, madalla.

Maganar wuta ba ta da tsawo, lissafi ne. Cajar ƙaramar Chromebook wat 45 ce. Guda 20 in an jona su tare, wat 900 ke nan in sun ja iyakar ƙarfinsu, bai kai abin da dutsen guga ɗaya ke sha ba. Batirin sabuwa yana kai wa wajen awa goma. Ke nan sola madaidaiciya ta isa a yi caji da rana, a yi aiki da dare lokacin firef, ba a jira NEPA ba. Tsofaffin da aka ɗora wa Flex su ne matsala, don batirinsu ya riga ya mutu, wuta na ɗaukewa su mutu tare da ita. Ƙananan Chromebook da yawa ba su da fanka a ciki, saboda haka ba su zuƙar ƙurar hunturu kamar sauran, amma zafin bazara ba ya yi wa batir daɗi, kada a bar su a rana ko a ƙarƙashin kwano ba silin.

Ba zan ɓoye muku abin da ba ta iya yi ba. Manhajojin gwajin jarrabawar JAMB da a ke sayarwa domin Windows ba su tashi a kanta. Chromebook ta gaske tana ɗaukar manhajojin Android tun 2016, to, wannan ya rage zafi, amma Flex ba ta ɗauka. Takardun Microsoft Word da Excel suna buɗewa, ana kuma gyara su, sai dai fuskar aikin ba irin wadda ke cikin littafin darasinmu ba ce. Saboda haka ba na goyon bayan a share Windows daga kowace kwamfuta. A bar biyu ko uku mafiya ƙarfi a kan Windows, a farfaɗo da raunanan da Flex.

Ku kuma iyayenmu, in Allah Ya hore wa ɗayanku zai saya wa ɗansa ko 'yarsa, ga abin dubawa. Yawancin Chromebook masu araha da a ke gani a shaguna, ko a Gusau ko a Sakkwato ko a titin Beirut a Kano, na hannu ne waɗanda makarantun ƙasashen waje suka gama da su. Kowace tana da ranar da Google za ta daina sabunta ta. A Satumba 2023 kamfanin ya mai da wa'adin shekara goma, amma ana ƙirga shi daga lokacin da aka fitar da irin wannan ƙira, ba daga ranar da ka saya ba. Ranar tana rubuce a cikin saiti, a sashen bayani game da ChromeOS. A sa mai shago ya buɗe ya nuna. Wadda wa'adinta ya wuce tana aiki, amma sannu a hankali wasu shafuka za su fara ƙin buɗewa. Abu na biyu ya fi wannan muni. Wasu suna zuwa a ɗaure da sunan makarantar da ta mallake su a can, in ka kunna sai ta ce wata makaranta ce ke juya ta, ta ƙi karɓar asusunka. Powerwash ba ya kwance wannan ɗauri, sai ita makarantar ta sake ta. Kada a biya kuɗi sai yaro ya shiga da asusunsa a gaban mai shago. Sa'an nan a zare caja a gani ko batir yana riƙe wuta.

Saura abu ɗaya wanda ya shafi wannan sashe na mujallarmu musamman, watau rubutun Hausa. Madannan Turanci ba su da baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Mutane da yawa sun saba rubuta Hausa ba su, har ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki, ɓata ta zama bata. Malaminmu na Hausa yana rage maki a kan kowane ɗaya, kuma da gaskiyarsa. A ChromeOS akwai hanya. Kowane harafi na duniya yana da lambarsa. Ka danna Ctrl da Shift da U tare, za ka ga ƙaramin u da layi a ƙarƙashinsa, sai ka buga lambar, ka danna Enter. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ kuwa 0199. Manyansu kuma, Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198. Mun rubuta su a kwali mun manna a bangon ɗakin kwamfuta. Wanda ya ga wannan ya yi masa tsawo, ya buga baƙaƙen shida sau ɗaya a saman takardarsa, ya riƙa kwafowa yana liƙawa. Da haka na buga wannan rubutu a kan kwamfuta mai lamba uku, cikin firef na dare huɗu, biyu daga ciki babu sabis.